Ranar da Na Hana Kwamfutar Yaya Barci

Yaya ta shigo gida da leda a hannu, ko takalmi ba ta cire ba ta wuce ɗakinmu ta zazzage ledar a kan gadona. Rigar sanyi ce ta 'yan makaranta, shuɗiya, sabuwa fil, har tana warin man inji.

"Duba," ta ce. "Duba aikin kamfaninku."

Na kife littafin da nake karantawa, na ɗaga rigar. Wuya lafiya, hannu lafiya, saƙa ta zauna daram babu zare ko ɗaya da ya zame. Na juya ta gaba da baya, ban ga aibi ba.

"Ina tsuntsun?" ta ce. "Ke da ido huɗu, nuna min tsuntsun."

Sai a lokacin na gane. Yaya ita ce mai kula da injin saƙa a wani shago da ke yi wa makarantu rigunan sanyi. Makarantar da ta ba da wannan aikin tambarinta tsuntsu ne, shuɗi mai haske a kan ƙirji shuɗi mai duhu. Rigar da ke hannuna kuwa duhu ce zalla daga sama har ƙasa.

Injin ba ya gane hoto. Da haruffa ake rubuta masa zane, a cikin wata manhajar rubutu da ke kan kwamfutar shagon, kowane harafi saƙa ɗaya. Babban S na nufin shuɗi mai duhu, ƙaramin s na nufin mai haske. Manhajar kuma ƙaramin kamfanin da nake aiki ne ya yi ta, ko da yake ni ban daɗe da shiga ba, har yanzu sai na nemi izini nake taɓa butar shayin ofis.

"Na rubuta daidai, na duba, na sake dubawa," in ji Yaya. "Saƙar tana faɗawa cikin akwati ne a ƙasan inji, ba a gani sai an buɗe. Na buɗe na tarar da shi cike da wannan. Karo na biyu ke nan, Auta. Uwar shago ta ce ta tambayi kamfaninku. In suka ce ba daga manhaja ba ne, in ajiye mata makulli."

Umma ta leƙo daga ƙofa da ludayi a hannu. "Tsuntsu dai mai fiffike ne, ƙila tashi ya yi. Ku fito abinci na hucewa."

Babu wadda ta yi dariya, sai Umma ta dubi fuskar Yaya ta sauke ludayin. Tun ina firamare Yaya ke gaban wannan injin. Ita ta fara ɗora hannuna a kan linzamin kwamfuta. Kuma masu shagunan saƙa duk sun san juna, wadda aka sallama da sunan ɓata zare ba ta ƙara samun inji.

"Ba za ki ajiye makulli ba," na ce. Muryata ta fito siririya kamar ta mage, amma ta fito.

Washegari na riga kowa zuwa ofis. Ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin tayoyi, teburi uku da fanka mai kuka. Dogo ne babbanmu, shi kaɗai ya rubuta manhajar tun kafin a ɗauki kowa. Sai mai zuwa gyara a shaguna, wanda muke kira Sarkin Wanki, domin duk kwamfutar da ya tarar da ciwo abu na farko da yake yi shi ne ya kashe ta, ya wanke komai, ya ɗora manhaja sabuwa, sannan ya gwada. Sai ni. Sunan Auta ya biyo ni har nan tun ranar da Yaya ta rako ni neman aiki ta kira ni haka a gabansu.

Da Dogo ya zauna na je na tsaya a gefen teburinsa har sai da ya gaji ya ɗago.

"Auta, ko bashi kike bina?"

"Maganar shagon saƙa ce."

"An gama wannan. Amsa kawai ta rage in aika." Ya juya ga Sarkin Wanki. "Sau nawa ka je?"

"Biyu, ranka ya daɗe. Na wanke ta tas, na aika zanen da hannuna, tsuntsu ya fito har da baki. Kamar ya yi kuka."

"Ka ji. Abin da bai faru a gabana ba, ban san shi ba. Hannu ne ya kuskure. Kowa na kuskure, ba abin kunya ba ne."

"Yayata ce," na ce.

"Na sani. Shi ya sa ma bai kamata ki sa baki ba."

A gida na tsara magana mai kyau, mai kai da ƙafa, amma duk ta zube a kan matakala. Abin da ya rage shi na faɗa.

"Ka ba ni zuwa gobe da yamma. In ban kawo maka ciwon a gabanka ba, ni da kaina zan rubuta amsar."

Sarkin Wanki ya yi fito. "Yau mage ta yi gurnani."

Dogo ya ɗaga kafaɗa. "Gobe kafin mu tashi. Kuma aikinki na yau yana nan yana jiranki, ba a yafe ba."

Duk ranar na yi ta a cikin hanjin manhajar. Kafin ta aika zane ga inji sai ta naɗe shi, don injin ba shi da wurin ajiya mai yawa. Maimakon ta ce S, S, S, S, sai ta ce S huɗu. Abin da ke wannan naɗin ɗan layi ne guda, cike da alamomi masu kama da baka da karkatattun sanduna, irin wanda masu sana'armu ke kira rijeks. In an fassara shi da maganar mutane cewa yake: kama harafi, ka haɗa shi da duk irinsa da ke biye da shi. Na karanta layin har na haddace shi. Na aika zanen tsuntsun ta cikinsa, na sake aikawa, na tsawaita shi, na gajarta, na juya shi. Kowane karo naɗin na fita daidai, manya a gefe, ƙanana a gefe.

Da yamma ta yi na zauna ina kallon allon, sai wani tunani ya zo min wanda ya sa na ji kunyar kaina. Mu uku duk a kan wankakkiyar kwamfuta muke gwaji. Babu ɗayanmu da ya taɓa zama ya ga yadda Yaya ke aiki da tata.

Da safe na bi Yaya shagon. Dogon ɗaki ne, tulin zare a kan katako har rufi, injin a tsakiya yana kai da komo yana shan iska, mata biyu a can ƙarshe suna haɗa hannuwa da wuya. Uwar shago na zaune bakin ƙofa da almakashi rataye a wuyanta.

"Wannan fa?" ta ce.

"Ƙanwata ce, daga kamfanin take," in ji Yaya.

"Au, sun ga babban bai iya ba sai suka aiko ƙaramar? To ki zauna, 'yata, amma kada ki taɓa min zare da hannun biro."

Na jawo wani kwali na zauna a bayan Yaya. "Yi aikinki kamar ba na nan," na ce. "Abu ɗaya kawai, duk lokacin da za ki aika wa inji, ki bari in leƙa naɗin tukuna."

"Kamar ba kya nan? Kina numfashi a ƙeyata?"

Haka muka yi. Ta buɗe zanen wata makaranta mai tauraro, na leƙa, daidai. Ta buɗe na masu ratsi, daidai. Ta buɗe tsuntsun kansa, daidai, injin ya saƙa shi da fiffikensa. Rana ta ɗaga, bayana ya fara ciwo, matan can suka fara raɗa suna kallona suna dariya. Uwar shago ta wuce ta ce, "Likita, an gano ciwon?" Na ce tukuna. Ta ce, "Dama."

Bayan azahar aiki ya rikice. Wuta ta ɗauke ta dawo. Zare ya tsinke, Yaya ta ɗaura. Wani shugaban makaranta ya bugo waya yana faɗa a kan rigunansa, Yaya ta maƙale wayar a kafaɗa tana ta danne-danne tana nemo masa aikinsa. Uwar shago ta sa ta buɗe wani tsohon zane don ta nuna wa baƙo. Aka zuba wa injin mai. Duk wannan a jere, ni kuma idona ya gaji, rabin abin da hannunta ya yi ban kama ba. Da ƙura ta lafa ta koma kan tsuntsun, ta kai yatsa za ta aika.

"Tsaya," na ce, don dai na saba.

Na leƙa naɗin. Layin da ya kamata ya ce S huɗu, s huɗu, cewa ya yi S takwas. Na sauka ƙasa, haka. Duk ƙananan haruffan manya sun haɗiye su. A sama kuwa zanen Yaya na nan yadda ta rubuta shi, ko ɗigo bai kuskure ba.

"Yaya," na ce. "Ga shi. Kada ki taɓa komai. Ɗauke hannunki."

Ta ɗaga hannu biyu sama kamar an nuna mata bindiga. "Me na yi?"

"Ban sani ba tukuna. Amma ba ki yi kuskure ba, ga zanenki."

Na buga wa Dogo waya na ce ya zo ya gani. Ya ce yana jiran baƙi, ba inda za shi, zai turo Sarkin Wanki. Na ce to in ɗauki hoton allon in aiko. Ya ce wancan karon ma an kawo masa lalataccen naɗi, bai nuna komai ba, kowa na iya ɓata naɗi da hannu. Shi dai a gabansa.

Ba a jima ba Sarkin Wanki ya iso da jakarsa, yana gaishe da matan shago ɗaya bayan ɗaya da sunayen da ya laƙaba musu. Ya duba allon ya ce, "Ikon Allah, yau ta nuna hali. Matsa in yi mata wanka." Ya miƙa yatsa wajen madannin kashewa.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ga kaina tsaye tsakaninsa da kwamfutar, na rungume ta ta baya kamar kaza da ƙwai.

"In ka kashe ta, ciwon zai ɓuya."

"To ai abin da ake so ke nan."

"Ɓuya na ce, ban ce warkewa ba. Sau biyu kana wanke shi yana dawowa. Ita ce shaidarmu, a haka za mu kai wa Dogo, a kunne."

Ya dube ni, ya dubi Yaya. "Me kuke ba yarinyar nan a gida?"

Uwar shago ta taso. "A kai wa wa? Kwamfutar tawa? Injin fa, da bakinki za ki riƙa gaya masa zane?"

"Kafin a rufe shago zan dawo da ita."

"Rabin yini inji a tsaye saboda ke?"

"In na bar ta a nan, ko dai a kashe ta, ko a aika wannan naɗin a sake cika miki akwati da riguna babu tsuntsu. Kuma ko kin sallami Yaya, wadda za ki ɗauka ita ma haka zai yi mata." Ban taɓa yi wa babba doguwar magana haka ba. Na ƙara da, "Don Allah, Inna," don kada ta ce ban da tarbiyya.

Ta juya almakashin wuyanta, ta juya. "In ta faɗi ta fashe, ke da yayarki ku nemi gari."

Kwamfutar ta cinya ce, tsohuwa, batirinta kuma ya daɗe da gajiya. Da na zare wayar wutarta sai ɗan hoton batirin ya nuna bai kai rabi ba. Ga wata matsalar: in aka rufe murfin, ko aka bar ta jim kaɗan ba a taɓa ba, barci take yi, in ta farka kuma manhajar sabon tashi take yi. Don haka na shiga gaban motar kamfani da ita a buɗe a kan cinyata, yatsana ɗaya yana yawo a kan faifan linzamin don kada ta runtsa.

"Sa ta a caji mana," na ce.

"Ramin cajin motar nan ya rasu tun kafin a ɗauke ki aiki," in ji Sarkin Wanki. "Allah ya jiƙansa."

Muka faɗa cunkoso a wajen gada. Rana na dukan allon, na kare shi da mayafina. Masu talla suna leƙowa ta taga suna kallon yarinyar da ke shafa kwamfuta kamar mai rarrashin jariri. Batirin ya sauka ya koma ja. Na rage hasken allon har da ƙyar nake gani.

"Yi mata waƙa, kada ta yi barci," ya ce.

"Don Allah ka yi shiru ina tunani."

Na shiga bin abubuwan da suka faru ɗaya ɗaya. Ɗaukewar wuta ba ta taɓa kwamfuta mai batir. Zare da mai na inji ne, ba ruwansu da naɗi. Tsohon zanen buɗe shi kawai aka yi aka rufe. Saura wayar shugaban makaranta. Me Yaya ta yi tana waya? Nema ta yi. Ta buɗe ɗan tagar bincike ta rubuta sunan makarantar.

A hankali, kamar mai ɗaga murfin tukunyar da ke tafasa, na buɗe tagar binciken. A ƙasanta akwai wani ɗan akwati da aka rubuta wa: kada a bambanta babban harafi da ƙarami. Da alama a cikinsa.

Na kira Yaya da hannu ɗaya, ɗayan na kan aikinsa. "Ɗan akwatin nan na wajen nema, ke kike sa masa alama?"

"Wani lokaci. Sunayen makarantun kowa yadda ya ga dama yake shigar da su, wani da manya wani da ƙanana. In ban sa ba sai ta ce babu. Laifi ne?"

"Kina cirewa in kin gama?"

"Me zai sa? Gobe in na kunna na tarar ya cire kansa."

Na ajiye wayar. Na so in cire alamar in gwada a nan take, amma na hana kaina. In hasashena bai yi ba, na kashe shaidar da hannuna.

Mun hau matakalar ofis ni a gaba da kwamfuta a buɗe, Sarkin Wanki a baya yana cewa a ba da hanya ga mara lafiya. Na dire ta a teburin Dogo, na cusa mata wuta, sannan na yi numfashi.

"Ga zanen," na ce. "Duba shi da kyau, ka yarda daidai yake?"

Ya sa tabarau ya bi shi layi layi. "Daidai."

"To danna naɗi da hannunka."

Ya danna. S takwas. Ya sake dannawa. S takwas. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Kwamfutarsu ce ta lalace," ya ce, amma a hankali.

"Buɗe taka. Buɗe wajen nema, ka sa alama a ɗan akwatin nan, ka rufe. Yanzu naɗe tsuntsun."

A kan wankakkiyar kwamfutarsa, wadda ko ƙura ba ya bari ta hau, naɗin ya fito S takwas.

Muka buɗe hanjin manhajar tare, na nuna masa layin. Cewa yake a haɗa harafi da irinsa, amma bai faɗi ko S da s iri ɗaya ba ne. Da yake bai faɗa ba, sai manhajar ta je ta tambayi wannan ɗan akwatin na waje, wanda aka yi don mai nema. In babu alama, ta bambanta. In da alama, ta ɗauke su uwa ɗaya uba ɗaya ta haɗe. Mu kuwa ba mu taɓa sa alamar ba, domin mu da ƙananan haruffa muke rubuta komai.

Na ɗauka an gama. Sai Dogo ya jingina da kujera ya ce, "To ai shi ke nan. Ita ta sa alamar. A gaya mata ta daina, a rubuta cewa daga wajen mai aiki ne."

Sarkin Wanki ya sunkuyar da kai yana gyara zip ɗin jakarsa da ba abin da ya same shi.

"Ranka ya daɗe," na ce, "karanta abin da ke jikin akwatin."

"Na san abin da ke jiki, ni na rubuta."

"A ina yake?"

"A tagar nema."

"Akwai inda ya ce yana taɓa zare?"

Ya mayar da ido kan allon.

"Mu muka ba ta akwatin muka ce na nema ne, ta yi nema da shi. In mutum ya kunna fitilar tsakar gida sai murhu ya mutu, ba mai kunna fitilar za a kama ba, wanda ya ja wayar za a nema." Na dafa teburin. "Kuma ba shagon nan kaɗai ke da manhajarmu ba. Yau shuɗi ne. Gobe wani zai sa alamar a wani wuri."

"Kin san in na rubuta daga gare mu ne, mu za mu ɗauki asarar zaren? Kin san abin da hakan ke nufi ga ɗakin nan?"

"Na sani."

"Kuma har yanzu bakinki bai mutu ba."

"Na ce in ban kawo shi gabanka ba zan rubuta amsar da kaina. Na kawo. Waccan amsar kuwa hannuna ba zai rubuta ta ba."

Ya tashi ya je taga ya tsaya yana kallon masu ɗaura taya a ƙasa. Na fara tunanin ko in tattara jakata. Da ya juyo fuskarsa a murtuke take, amma ba ni yake harara ba, allon yake harara.

"Shekara da shekaru layin nan na zaune ina wuce shi," ya ce. "Zauna ki gyara. Ya riƙa faɗa da bakinsa cewa babba daban, ƙarami daban, kada ya ƙara tambayar kowa. Kuma ba shi kaɗai ba ne, duk inda rijeks yake a ciki ki bi ki duba wanda ke aron ra'ayi a waje."

Ya matso min da kujerarsa, wadda ban taɓa ganin wani ya zauna a kai ba. Gyaran kansa bai fi 'yan haruffa ba. Na bi sauran na tarar da wasu wurare biyu masu irin halin, ɗaya a wajen ƙirga zare, ɗaya a wajen juya zane, na ɗaure su su ma. Sannan na rubuta gwaji wanda zai riƙa sa alamar da gangan yana naɗe zane, ya cire ya sake naɗewa, in sun bambanta ya yi ihu. Dogo na tsaye a kaina yana cewa, "Baka, kin bar baka a buɗe," ni kuma ina cewa na gani.

"Ni fa?" in ji Sarkin Wanki. "A daina wanka ke nan?"

"Ka riƙa tambayar mara lafiya abin da ya ci kafin ka tura shi banɗaki," in ji Dogo.

Na ɗora gyararriyar manhajar a kwamfutar shagon, na sa alamar, na danna naɗi. S huɗu, s huɗu. Na cire, na danna. Haka. Dogo ya ɗauki wayarsa ya nemo lambar uwar shago, ya buɗe muryar yadda duk za mu ji.

"Ranki ya daɗe, mun gano. Daga manhajarmu ne. Ma'aikaciyarki ba ta yi kuskure ba, ko a karon farko ko a na biyu. Maganar zaren kuma zan zo da kaina mu zauna."



"Ka tabbata?" ta ce. "Ba don ƙanwarta na wajenku ba?"

"Da don wannan ne da na fi kowa murna in ce ba mu ba ne. A gabana ya faru, a kan tawa kwamfutar."

"To." Ta ja numfashi. Sai muka ji ta ɗaga murya ta juya gefe. "Ke, kin ji ai. Daina tsaya min a ka kamar an aiko ki, je ki ɗaura shuɗin nan a inji kafin su iso." Ta dawo kan wayar. "Ita kuma 'yar taku ku ce mata ina jiran kwamfutata, rana na faɗuwa, aikin mutane ya taru."

Na naɗe wayar wutar, na rufe murfin kwamfutar, na sa ta a jaka. Sarkin Wanki ya riga ya sauka yana ta da mota.